Aljihun Hagu

Haƙorin na cikin murfin kwalba a bakin taga, ɗan mitsitsi, rabinsa ya yi baƙi. Nan matar direban ta ajiye shi don ya gani da idonsa ranar da babbar motarsa ta dawo da shi gida.

"Na Auta ne," ta ce. "Likita ya cire. Ya ce wasu na nan tafe in ba a bar alawa da lemon kwalba ba."

"To ai yara ne..."

"Yara ne? Ka zo ka cika mata baki da zaƙi, ka tayar da mota, a bar ni da kumburin kumatu. Kai da dariyar, ni da ihun. Miƙo, Baban Auta."

Ya zaro ledar daga aljihun hagu: alawa mai tsinke, biskit, cakulan da zafin hanya ya narkar. Ta cilla ta saman kabad.

Mutum ne da hanya ta cinye. Rarrafen Auta a waya ya gan shi, tafiyarta ta farko kuwa labari aka ba shi. Duk dawowar da zai yi sai ya tarar ta ƙara tsawo, ta kuma ƙara jin kunyarsa. Aljihun nan ne ya shirya su. Takan rugo ta cusa hannu a ciki, shi kuma ya sami damar ɗaga ta sama, ya shaƙi ƙamshin man kitsonta. Bai taɓa yarda ya tambayi kansa ko wajen wa take rugowa ba, shi ko aljihun.

Sai ga ta daga makaranta. Ta yar da jaka, ta rugo. Ta laluba hagu, ta laluba dama, ta ɗage ta leƙa na ƙirji. Makullin mota kawai.

"Baba, mantawa ka yi?"

Uwar na tsaye a ƙofar kicin. Ya san abin da zai faɗa ya wanke kansa: mamanki ce ta hana. Da ya faɗa, yarinyar za ta faɗo jikinsa tana kuka, ya rungume ta son ransa, jibi ya tafi ya bar su da fushin juna. Maganar ta zo har bakinsa, ya haɗiye.

"Ban manta ba. Na daina ne."

Ta ja da baya, ta dube shi kamar baƙon da ya ɓata gida.

"To me ka zo yi?"

"Ke!" in ji uwar. Ya ɗaga mata hannu.

"Na zo in gan ki."

Auta ta ware hannuwa, ta juya kamar mai gwada sabuwar riga.

"To ka gan ni."

Ta fice wajen ƙawayenta. Ya jawo kujera, ya saita ta da ƙofa, ya zauna.

"Ruwan wankanka zai huce," matar ta ce, muryarta ta sauka.

"Bar shi tukuna. Ai za ta shigo shan ruwa."