Kofin Shayi Mai Gurbin Yatsa

"Wannan lotsawar ta gefe fa, 'yata, ado ce ko kuskure?" Tabrez Sahib, mai masana'antar gilashin, ya tambaya yana jujjuya kofin a hasken taga.

"Gurbin babban yatsa ne, ranka ya daɗe," in ji Rukhsar, dariya na neman kuɓuce mata. Ita ta zana kofin, kuma yau za ta san ko injinan wannan masana'anta ta garin Firozabad za su buga shi ko ya koma jakarta. "Kofin shayinmu ba mariƙi, kowa ɗosana shi yake kamar ya kama kunama. Shi ne na ƙara masa kauri a nan."

"Ku masu zane akwai daɗin baki. Zuba mu gani."

Ta tsiyaya shayin yana tururi. Dattijon ya damƙi kofin, ya yamutsa fuska yana jiran zafi. Zafi bai zo ba. Ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Wannan dai nawa ne, ba na mayarwa," ya ce. "Gobe a kai zanenki ɗakin inji, da shi za mu fara aikin bana."