Karatun Dogo Ranar Fentikos

Ranar Litinin Fada mai kula da tsarin Misa ya manna takarda a ƙofar ɗakin cin abinci na seminari, makarantar horar da firistoci. A ciki an raba aikin babbar Misar Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki, wadda Bishop zai jagoranta: wane zai riƙe gicciye, wane turare, su wane kyandir. Dogo ya ga an rubuta shi a karatu na farko daga Littafi Mai Tsarki.

Shekararsa ta huɗu ke nan yana karatun zama firist, kuma kowa ya san yana da in'ina. Karatun ranar kuwa shi ne mai jerin sunayen ƙasashe, wanda ko mai sakakken harshe sai ya yi tuntuɓe a ciki.

Abokin ɗakinsa, wanda ake kira Likita don ya yi aikin jinya kafin ya shigo, ya ce, "Mu yi musaya. Karɓi turarena, hayaƙi ba ya buƙatar baki."

"A'a."

"Mutum dubu fa, ga Bishop a zaune."

"In na gudu yanzu, ranar da aka ba ni coci wa zai yi mini wa'azi? Kai?"

Kullum bayan abincin rana sai ya shiga ɗakin wanki ya tsaya tsakanin fararen riguna da aka shanya, yana karantawa da ƙarfi, Likita na guga yana saurare. Cikin sunayen ƙasashen, Kafadokiya ta fi ba Dogo wuya. Ya bi takardar karatun da fensir, ya sa alama duk inda zai ja numfashi.

Ranar Juma'a Fada ya kira shi ofis. "Ban sa ka don in kunyata ka ba. In kana so a canza, yanzu sai in canza."

"A bar ni, Fada."

Ranar Lahadi da safe coci ya cika har bakin ƙofa. Suka shigo a jere, gicciye a gaba, Bishop a baya cikin jar riga. Da lokaci ya yi Dogo ya rusuna wa bagadi ya hau wurin karatu. Ya hango yayarsa, wadda ta raine shi, a benci na uku, ta damƙe jakarta da hannu biyu.

Ya fara a hankali. Ya wuce Mesofotamiya, ya wuce Kafadokiya lafiya lau. Sai a kan Masar, kalmar da ba ta taɓa ba shi matsala ba, harshensa ya ƙulle.

"Ma… Ma…"

Coci ya yi tsit, sai wani jariri da ke kuka can baya. Dogo ya tsura wa takardar ido. Bai ɗaga kai ba. Ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya saki kafaɗa, ya ja numfashi.

"Masar."

Ya kai karatun har ƙarshe, jama'a suka amsa da godiya ga Allah, ya sauko.

Bayan Misa, suna tuɓe riguna a ɗakin shiri, Likita ya ce, "Kai da Masar! Na ɗauka sai an aiko Musa ya fitar da kai."

Fada ya danne dariya yana ninke mayafin bagadi. "Mako mai zuwa ma kai ne," ya ce wa Dogo.

"To, Fada," in ji Dogo. Ya rataye rigarsa ya fita neman yayarsa cikin taro.