Ƙofar da Dona Zuleide Ta Tsana

A ƙauyensu Dona Zuleide ba a rufe ƙofa da rana sai in an yi faɗa da maƙwabci. Shi ya sa tun da ɗanta ya kawo ta birnin Recife, ya ajiye ta a hawa na bakwai na wani dogon bene, jininta bai taɓa haɗuwa da ƙofar ƙarfen da ke bakin matakala ba. Ƙofa ce mai nauyi. Ka tura ka wuce, sai ta biyo bayanka sannu a hankali ta rufe kanta, ba wanda ya aike ta.

Tsohuwar ita ke rainon yaran maƙwabta in iyayensu mata sun tafi aiki: Tainá 'yar shekara huɗu, da ƙanenta Cauã, da wani jariri Benício wanda ko zama bai iya ba. Ranar da ƙofar ta datse wa Tainá ɗan yatsa, Dona Zuleide ta jawo tukunyar tsironta, irin mai dogayen ganyen nan da ake kira takobin Jorge mai tsarki, wanda kowa ke ajiyewa a bakin ƙofa saboda kambun baka, ta tokare ƙofar da ita.

Kullum da safe Seu Valdemar mai kula da benen zai hau ya janye tukunyar. Kafin ya sauka ta koma.

"Dona, tukunyarki ta sake yin ƙafa."

"Ai gara ita, tana tafiya ba ta nishi. Kai gwiwarka ta fi ƙofar ƙara."

"Saboda gobara aka yi ta, baiwar Allah. In tana buɗe, ba ta da amfani."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Je ka share tsakar gida."

Sai ya sauka yana dariya, yana dafa bango.

Ranar idin São João benen duk ya cika da ƙamshin masara da madarar kwakwa. Da la'asar matar da ke ɗakin ƙarshe ta ɗora mai a wuta, ta tuna ba ta da kirfa, ta ce bari ta sauka kanti yanzu ta dawo. A kanti ta haɗu da ƙawarta, hira ta ɗauke ta.

Tainá ce ta fara cewa, "Kaka, wani abu na ƙauri."

Dona Zuleide ta leƙa. Hayaƙi baƙi ƙirin ya riga ya cika saman barandar, yana birgima kamar hadari, yana saukowa. Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta sunkuci jariri a hannun hagu, ta damƙe Cauã da na dama, ta ce wa Tainá ta riƙe siket ɗinta gam, ko da siket ɗin zai yage.

Suka sunkuya suka kai bakin matakala. Ƙofa a buɗe take, kamar yadda ta bar ta. Suka shiga. Amma hayaƙin ma ya ga hanya. Ya biyo su ta saman kansu, ya fara gangarawa cikin matakalar da za su bi, kuma hawa bakwai ne tsakaninsu da ƙasa, da yaro mai gajerun ƙafafu. Cauã ya fara tari. Jaririn ya buɗe baki zai yi kuka, kukan bai fito ba.

Ba ta da hannun da za ta ja ƙofa. In ta saki Cauã zai ruga da baya, don tun ɗazu yake kukan motarsa ta roba. Ta dubi tukunyar. Daga ƙauye ta taho da ita a kan cinya, mahaifiyarta ce ta dasa uwar tsiron.

"Jorge, ka yafe mini," ta ce, ta sa ƙafa ta hankaɗa ta.

Tukunyar ta faɗi cikin baranda ta dare biyu.

Ƙofar ba ta yi gaggawa ba. Ta taho yadda take tahowa kullum, sannu a hankali, tana yanka hayaƙin, har ta kai bakinta ta ce ƙas. Sai rurin wutar ya koma can nesa kamar a wani gari. Ɗan hayaƙin da ya shigo ya tashi sama ya bar su. Benício ya ja numfashi ya tsala kuka, irin kukan da tsohuwar ba ta taɓa jin mai daɗinsa ba.

Ta ɗan tsaya tana kallon ƙofar, bakinta a sake. Ƙarfe ne kawai, ba ido ba kunne, amma ga shi ya tsaya tsakaninsu da wuta shi kaɗai.

Suka fara sauka a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya, da tafiyar Cauã. A kowane hawa mutane na fitowa da yara da karnuka da tsofaffi, kowace ƙofa kuma na komawa ta rufe a bayansu. A tsakiyar hanya suka ci karo da Seu Valdemar yana hawowa, gumi sharkaf, yana jan gwiwa. Ya ɗaga Cauã ya ɗora a wuya.

A waje 'yan kwana-kwana sun iso. Mahaifiyar Benício ta sauko daga bas da gudu, da rigar aikinta ta asibiti, ta keta taron tana kiran sunansa. Ta karɓe shi, ta juya shi, ta duba yatsunsa, ta sa kunne a ƙirjinsa ta daɗe tana saurare.

"Kaka, yaya kika yi da su uku?"

Dona Zuleide ta zauna a bakin titi, ƙafarta babu takalmi, Tainá har yanzu riƙe da siket ɗinta. Ta ɗaga kai tana kallon tagar da hayaƙi ke fita.

"Ɗiyata, ni saukowa kawai na yi," ta ce. "Akwai wadda ta tsaya a baya ta tare mana wuta."