Ina Za a Kai Gawar Burzin?

Mijina Burzin ya rasu da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da kankana ke fashewa da kanta a gonakin Marw saboda zafi. Bai sha wahala ba. Ya ce in miƙo masa ruwa, kafin in juyo da ƙoƙon ya cika. Ni ce na sha wahalar ranar, kuma a hannun 'ya'yan da na haifa na sha ta.

Shi ne mai kula da madatsar ruwa a zamanin da muke da sarki. In ya buɗe ƙofa unguwa ta sha, in ya rufe manoma su zo gidanmu da rago suna magiya. Da aka kashe sarkin Farisa na ƙarshe can bayan gari, Larabawa suka shigo, sai aka wayi gari babu wanda Burzin zai kai wa rahoto. Duk da haka bai daina zuwa ba. Kullum sai ya sa tsohuwar rigar aikinsa ya je ya tsaya yana ba da umarni, mutanen sabon gwamna suna ce masa "to, Baba" suna yin abin da suka ga dama.

'Ya'yanmu maza uku ne. Narse, babban, ya riƙe addinin kakanni na bautar wuta har ya fi malamin ɗakin wuta tsanani. Ka yi atishawa kusa da murhu ka sha wa'azi. Mihrak ya auri Shirin, 'yar Kiristoci, ba a jima ba ya bi ta majami'a. Auta, Zadan, dawaki yake sayar wa sojojin Larabawa, ya zauna da su har ya musulunta. Ni ban hana kowa ba. Abin da na hana shi ne maganar addini in an zauna cin abinci, don na gaji da ganin gurasa tana bushewa ana gardama.

Da labari ya isa gare su suka zo a guje, suka yi kuka na gaskiya, wannan ba zan ɗauke musu ba. Amma hawaye bai bushe ba Narse ya miƙe ya ce kowa ya ja da baya daga gawar, a kawo kare ya dube ta kamar yadda aka saba, sannan a kai ta kan tudu tsuntsaye su yi aikinsu, daga baya a tara ƙasusuwa a tulu.

Mihrak ya ce, "Yaya, ubanmu za ka miƙa wa ungulu? Baba da bakinsa ya ce mini a binne shi a bayan majami'a, kusa da itacen rumman."

"Ƙarya kake!" in ji Narse. "A gabana ya kama igiyar ibada da ke ƙugunsa ya rantse ba zai ƙazantar da ƙasa da gawarsa ba."

Zadan dai yana gefe yana murza gemu. Na san shi, in ya fara murza gemu akwai magana. Ya ce, "Ni fa ban so in faɗa ba, amma da sanyin nan da ya wuce Baba ya ce in wanke shi in sa masa likkafani irin namu. Har ya ce in koya masa kalmomin."

"Ya faɗe su?" Mihrak ya tambaya.

"Ya ce sai ya warke daga tari."

Na dubi fuskar mutumin nan da ke kwance, ga shi kamar yana murmushi, na ji kamar in ɗaga shi in girgiza. Shekarun nan duk da muka yi tare, Burzin bai taɓa iya cewa a'a ga wanda ya zauna kusa da shi ya zuba masa ruwan inabi ba. Kowane ɗa ya kawo masa ziyara ya tafi da abin da kunnensa ke son ji. Ya kwanta abinsa lafiya, ya bar ni da su.

Ana cikin haka sai ga Anosh, ƙanen Burzin, wanda ya aske kai tun yana saurayi ya koma gidan mabiya Buda a gefen ganuwa. Ya shigo a hankali da mayafinsa ruwan goro, ya zauna, ya saurari kowa, sannan ya ce cikin taushin murya, "Yara, jiki riga ce, mai ita ya tuɓe. Ku tara itace ku ƙone ta. Shi ma yayana ya ce mini hakan ya fi tsafta."

Narse ya dafe ƙirji. "Baffa! Gawa a cikin wuta? A cikin wuta fa ka ce?"

"Kai ma ya yi maka alkawari?" na tambayi Anosh.

"Bai ce a'a ba dai."

"Yaushe ka taɓa jin ya ce a'a?"

Rana tana ɗagawa, ɗaki yana ɗaukar zafi, ƙudaje sun fara shigowa. Shirin, Allah ya saka mata, ita kaɗai ta tuna da jiƙa zane a rataya a ƙofa. Na ce wa Narse, tunda shi ne babba, kuma a wannan addinin uban ya rayu, ya je ya kira malami da masu ɗaukar gawa a gama. Ƙannen suka ɓata rai amma ba su yi mini musu ba.

Ya tafi, ya daɗe, ya dawo shi kaɗai, ƙafafunsa butu-butu da ƙura. Malamin ɗakin wuta ashe ya tafi garin Balkh wurin 'yarsa, ya bar wani tsoho kurma yana zuba wa wutar itace. Masu ɗaukar gawa kuwa, dama su biyu suka rage a unguwarmu. Ɗaya ya mutu. Ɗayan, Gurgin, yanzu man fitila yake sayarwa a kasuwa.

"Me ya ce?" na tambaya.

Narse ya sunkuyar da kai. "Ya ce shekara da shekaru yana ɗaukar matattunmu, ko bakin ƙofa ba mu taɓa bari ya taka ba, ruwa ma a ƙasa muke ajiye masa. Ya ce yanzu yana da mutanen da ke cin abinci da shi a akushi ɗaya. Wai in ɗauki ubana da kaina."

"To ɗauka mana," in ji Mihrak.

"Ka san ba zan iya taɓawa ba! In na taɓa na ƙazantu, kuma wa zai tsarkake ni, malami ba ya nan?"

"Kai ba ka iya ɗauka, mu da za mu iya ka ce ba a binnewa. To a bar shi nan ya zauna tare da Inna ke nan?"

Nan fa suka sake kaurewa, kowa yana jawo aljannarsa da wutarsa, har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Na ɗauki muciya na buga a kan tukunyar tagulla har sai da kunnena ya yi ƙara.

"Ku yi mini shiru! Ubanku ya fara wari. Kun ji? Wari. Duk abin da kuke bauta wa ba zai hana wannan ba."

Na ajiye muciyar na ce, "A jikin tsohuwar ganuwa, can ta arewa, akwai ɗakunan jan bulo da sarakunan da ba wanda ya tuna sunansu suka gina. Ƙasansu bulo, samansu bulo. Can za ku kai shi ku toshe ƙofa. Narse, bulo ƙasa ce?"

Ya ce, "An gasa ta. Wasu malamai suna ganin..."

"Ban tambaye ka wasu malamai ba. Mihrak, Zadan, tsuntsu zai kai gare shi?"

Suka ce, "A'a, Inna. Amma ba kabari ba ne."

"Ni ma na san ba kabari ba ne. Anosh, kai fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni duk ɗaya ne a wurina."

"Da ka faɗi haka tun ɗazu."

Ba wanda ya ji daɗi, kuma ban damu ba. Zadan ya wanke uban ya naɗe shi da farin yadi, Narse yana daga tsakar gida yana ihu kada ruwan wankan ya taɓa ƙasa, sai da Shirin ta tara shi a kasko. Na ga Mihrak ya cusa wani ɗan gicciye na itace a cikin yadin, na kau da kai. Aka kawo karen maƙwabta ya dubi gawar, ya yi hamma ya fita.

Ƙannen biyu suka ɗauki makara, Anosh yana gefe yana gunguni da harshen da ban sani ba. Narse ya biyo su daga nesa, don bai halatta ya matso ba. Da na waiga na gan shi shi kaɗai a tsakiyar hanya, ƙato da gemu, yana kuka kamar yaron da aka bari a kasuwa, sai fushina ya ɗan sauka. Na rage tafiya na jira shi muka jera.

A bakin ɗakin ma sai da aka yi wata gardamar: ina kai zai fuskanta? Wannan ya ce gabas, wancan ya ce wajen Makka, Narse daga can yana cewa ko'ina ban da arewa. Ɗakin kuwa ƙunci ne da shi, hanya ɗaya kawai mutum zai iya kwanciya. Haka aka kwantar da shi. Suka jera bulo suka shafe da laka, kowa ya ja gefe ya yi addu'arsa, ni kuma na zauna a inuwa na cire ƙaya daga ƙafata.

Da kaka ta kama, Narse ya zo ya ce zai bi ayarin masu tafiya gabas, can inda aka ce mutanenmu sun sami sarkin da ya bar su su gina ɗakin wuta. Ya ɗebi garwashi daga murhuna a cikin tukunyar ƙasa, ya roƙe ni in bi shi. Na ce gwiwoyina ko kasuwa ba sa kai ni, balle bayan duwatsu. Ƙannensa suka raka shi har ƙofar gari. Zadan ya ba shi dokin da ya fi so, ya ce in ya kuskura ya sayar ba zai yafe ba.

Bara wani farke ya kawo mini saƙo cewa ya isa, ya yi aure, garin akwai sanyi ƙwarai. Na tambayi sunan garin, mutumin ya faɗa har sau uku, bakina ya ƙi kamawa. Na ba shi bargon ulu ya kai masa, na ce ya gaya masa ya riƙa rufe ƙirjinsa.