Mintin da Aka Riƙe da Yatsa

Ana idar da sallar magariba Mai Agogo ya ji wani sauti daga ƙarƙashin gadonsa: tak, tak, sai shiru. Tsohon agogon bangon majalisa ne, wanda aka bar masa da aka sayo sabo. Ya shekara ashirin bai motsa ba.

"Ɓera ne," in ji matarsa.

"Yaushe ɓera ya koyi ƙirga daƙiƙa, tsohuwa?"

Washegari kwamiti ke jiransa. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga zaman farko na gwamnati, ana so ya faɗi addu'ar da aka buɗe taron da ita, a sa ta cikin tsarin mulki. Duk wadda ya ambata, rabin ƙasa zai juya wa rabi baya.

Ya lumshe ido, zauren ya dawo masa har da ƙamshin sabon fenti. Liman ya miƙe, fasto ma ya miƙe. Aka fara dukan tebura, wasu suka nufi ƙofa. Shugaban taro ya ce a yi shiru na minti ɗaya, kowa ya yi addu'a a zuci. Shi kuwa Mai Agogo yana kan tsani yana rataye agogon, sai ya sa yatsa ya tare ƙarfen da ke lilo a cikinsa. Ana ɗaga kai a duba, a ga minti bai cika ba, a sake sunkuyawa. Kafaɗu suka sauko. Wani dattijo har da hawaye. Sai da masu fita suka koma kujerunsu ya saki.

Haka ya faɗa wa kwamiti, bai rage komai ba.

"Baba, shiru ai ba ya rubutuwa," in ji shugabar kwamitin.

"To ku gwada shi, 'yata."

Suka gwada. Kowa ya kafa wa wayarsa ido. Daƙiƙa sittin cif, aka ci gaba da musu daga inda aka tsaya.

Da yamma ya zauna a ƙofar gida, agogon a cinyarsa. Matarsa ta ajiye masa ruwa. Maƙwabcinsa tela ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo.

"Wai ni kam, maƙwabci, kai da hannunka ke cikin agogo, me ka roƙa mana?"