Magen Mama Dina

Zinariya tana durƙushe a bayan ɗakin girki, tana tona yashin da ke cikin tsohon daro da guntun kara. Ta juya shi ta ko'ina, ba ta ga komai ba sai jiƙar fitsari, kiyashi sun yi masa layi. Magen kuwa tana kwance a jikin randa, cikinta ya yi tauri kamar goran duma. Kwana da kwanaki ke nan tana shiga daron ta yi ta yunƙuri, ta yi ɗan kuka, ta fito ba abin da ya fita.

Ba magen Zinariya ba ce, amana ce. Mai ita Mama Dina, maƙwabciyarsu da katanga ɗaya ta raba su. Mutuniyar ƙasar Jos ce, nas mai karɓar haihuwa. Ta yi aiki a Gagarawa da Sule Tankarkar, da ta yi ritaya sai ta zauna a Gumel. Duk 'ya'yan Zinariya a hannunta suka faɗo. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, shi ya sa ran da ta ga kiyashi sun taru inda magen ta yi fitsari, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce gida ɗaya, ciwo ɗaya.

Tun daga ranar Kwin, sunan magen ke nan, ta shiga doka. Ba tuwo, ba koko, ba fura. Dafaffen kifi ko hanta, cikin murfin gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ruwa kuma kada ya yanke. Duk Lahadi in Mama Dina ta dawo daga coci sai ta ɗaure ta a zani ta rataya a sikelin da take auna jarirai. Matan unguwa su yi ta dariya. Amma ƙibar da ta yi wa magen yawa ta fara zubewa, har Kwin ta koma hawa katanga.

Sai wani ɗan ciwo ya fito wa Mama Dina a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, ya yi ta cin gaba. Ɗanta Edward ya zo daga Jos ya yi juyin duniya ta kwanta a asibitin Gumel, ta ƙi, ta ce wa za ta bar wa Kwin. Sai da Zinariya ta yi mata alkawari, hannu cikin hannu, sannan ta yarda ta shiga mota.

Zinariya ta ɗaga kan magen don ta ba ta ruwa, sai ta ga wani abu fari ya bushe a gashin bakinta. Ta shinshina. Fura ce. Ta waiga, ga surukarta Goggo Kande zaune a ƙofar ɗaki da kwano a cinya, tana ta kallon sama kamar mai neman hadari.

Zinariya ta matsa ta rusuna, ta tambaya a hankali ko wani ya ba magen nan wani abu.

Goggo ta ce, "Ni na ba ta. Har ƙasusuwan zabuwar da muka ci ma ita ta cinye. Dabbar Allah ta zo ta zauna tana kallon bakina, in hana ta? Ba ki ji abin da malamai ke faɗa a kan matar da ta hana mage abinci ba? Ke da Sista Dina ku yi ta bokonku, ni lada nake nema."

Ba a yi wa suruka faɗa. Zinariya ta ɗauki mayafi ta nufi asibiti.

A hanya ta shirya ƙaryar da za ta yi. Amma ko gaisuwa ba su gama ba Mama Dina ta tsare ta da ido daga kan gado, ta ce, "Ta yi kashi?"

Matar gadon kusa ta ɗauka jikarta ake nufi, har ta ce Allah ya ba yarinya lafiya. Zinariya ta sunkuyar da kai. Ta faɗi gaskiya, sunan Goggo kawai ta ɓoye. Nan take Mama Dina ta yaye bargo ta fara laluben takalmi da ƙafar nan mai bandeji, ta ce gida za ta. Edward ya riƙe ta yana roƙo, ya ce likita ya ce in ta taka ƙafar nan ba a san abin da zai biyo baya ba.

Da ƙyar ta koma ta kwanta tana haki. Ta ce a dafa kabewa ta yi laushi, a dama da romon kifi, a ɗiga man gyaɗa kaɗan, a riƙa ba Kwin kaɗan-kaɗan, a kuma riƙa shafa mata ciki zuwa ƙasa. Sannan ta ce, "Zinariya, 'yata, in ba ta yi ba zuwa jibi, ko da rarrafe zan zo."

Kuma Zinariya ta san za ta aikata.

Lokacin kabewa ba ta gama shigowa kasuwar Gumel ba. Washegari Alhamis, maigidanta Malam Hussaini zai kai awaki kasuwar Maigatari, ta roƙe shi ya duba mata. Ya dawo da guda a kafaɗa, yana cewa shi dai tun da aka haife shi bai taɓa yi wa mage cefane ba, saura a aike shi sayo mata turare. Zinariya ba ta iya dariya ba. Ta dafa, ta dama, ta ajiye. Kwin ta shinshina ta kau da kai. Ta matsar mata da kwanon, ta ƙara juya baya. Zinariya ta zauna a ƙasa hawaye suna zuba, tana ganin Mama Dina a ranta tana jan ƙafa a kan titi.

Goggo ta daɗe tana kallonsu. Can ta ce, "Miƙo min hajiyar nan."

Ta kwantar da magen a cinya kamar jaririn da ciki ya murɗa, ta lakato kabewa da yatsa ta shafa mata a baki. Dole Kwin ta lashe. Ta ƙara lakatowa. Ɗaya hannun kuma yana bin cikin a hankali, tana yi mata 'yar waƙar rarrashi ƙasa-ƙasa. Haka suka yi har rana ta faɗi.

Da safe Zinariya ta je daron riƙe da guntun kara. Ba ta ma tona ba, ga kashi nan a fili. Ta ce alhamdulillahi, ta bar kokon yara a kan wuta, ta fita tana gyara mayafi a hanya.

Ta tarar an kewaye gadon. Matan coci suna waƙa a hankali, Edward yana tsaye ya jingina da bango, idonsa ja. Zazzaɓi ya rufe Mama Dina tun jiya, ba ta cika gane mutane ba. Zinariya ta tsaya daga baya, kunya ta kama ta, ta ina za ta kawo irin wannan magana a tsakiyar addu'a. Sai Edward ya yafito ta. Ta durƙusa ta kai bakinta kunnen tsohuwar.

"Mama, ni ce. Kwin ta yi."

Idon bai buɗe ba, amma leɓen ya motsa. "Da yawa?"

"Da yawa, Mama."

Mama Dina ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka a kan matashi. Zinariya ta ɗauka ta yi barci, har za ta miƙe, sai ta ji an riƙe mata gefen mayafi.

"Ki gaida min Goggo. Ki ce ta riƙa rufe furarta."

Kafin la'asar ta cika.

Aka tafi da gawarta garinsu. Edward ya kwashe kaya, ya kulle gidan, sikelin jarirai kawai ya miƙo wa Zinariya ta kan katanga. Da ta isar wa Goggo saƙon, tsohuwar ta ja bakin zaninta ta goge ido.

Ran Lahadi da hantsi Goggo tana zaune a ƙofar ɗaki tana shan fura. Kwin ta sauko daga katangar Mama Dina, inda take wuni yanzu, ta zo ta zauna a gabanta tana kallon ludayi. Suka daɗe suna kallon juna. Goggo ta jawo faifai ta rufe kwanon, ta ɗora dutse a kai, sannan ta tura mata murfin gwangwanin kifinta da ƙafa.