Lanƙwasar da Ta Kai Ni Gummi

Ni dai ina da wani ɗan ciwo: ba na iya ganin mutum yana taɓa kwamfuta in kame bakina. Ko ba a tambaye ni ba, sai na leƙa ta kafaɗarsa na ce, "Ai da ka danna kontirol da S." Shi ya sa a ofishinmu da ke Anka an manta sunana Ishaq. Malam Kontirol ake kirana, ni kuma ina amsawa, don da farko na ɗauka sarauta ce.

Laftof ɗina 'yar gwanjo ce, batirinta ba ya kai tsawon huɗubar Juma'a. Amma na yi mata gata: linzami mai walƙiya, fanka ta ƙarƙashi, har da 'yar fitila mai dogon wuya. Inna takan dube ta ta ce, "Wanga tire na Isiyaku, kullum ana shafa shi, ba a taɓa aza mai tuwo ba."

Abin da ya shiga kaina bana shi ne haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ. Na samo manhajar da ke fitar da su a kibod, daga ranar na zama hukuma. In wani ya rubuta a zauren WhatsApp na unguwa cewa ya yi "baki", sai in tambaye shi na cin tuwo ko waɗanda ake shimfiɗa wa tabarma. Har saƙon ta'aziyya na gyara wa wani, aka ɗan fitar da ni daga zauren in sha iska.

Ana haka aka sa ranar auren ɗiyata Rahina da Sufyanu, wani yaron kirki ɗan Gummi. Yaran suna son juna, amma da ƙyar mahaifinsa Alhaji Sambo ya yarda, don a ganinsa 'yan bokon Anka surutunsu ya fi ladabinsu yawa. Dattijo ne mai farin tabarau da biro a aljihun gaba, ba ya yawan magana. Tun ganin farko na yanke cewa wannan mutum ne da ba ɗigon da zai wuce shi.

Da na ce ni zan tsara katin gayyata, matata Salamatu ta ajiye ludayi.

"Malam, wanga aure da ƙyar anka ɗinke shi. Don Allah kada ka sa muna kontirol ciki."

"Ke dai ki zuba ido," na ce. "Katin da za ya sa Alhaji shi cire tabarau shi goge."

Rahina ta riga ta rubuta kalmomin, ba lanƙwasa ko ta magani. Na zaunar da ita don ta ƙaru. Na nuna mata dabarar kontirol da H: ka ba na'ura kalma, ka ba ta madadinta, ta bi takarda ta sauya duk inda ta gan ta. "Kauna" ta koma "ƙauna". "Daurin" ya koma "ɗaurin". Can ƙasa ta rubuta "za a kare da walima", sai na ce a sauya "kare" da "ƙare", duka. Na'ura ta ce ta sauya wuri biyu.

"Kin gani?" na ce. "Ke guda kinka gani, ita ta ga biyu. Shi a ilimi."

Dangin ango ne za su buga katin a can Gummi. Na zuba shi a filash, na ba Bello, ƙanen Salamatu, wanda ke zuwa cin kasuwa can. Na ja masa kunne ya riƙe shi kamar ƙwai. Ya jefa shi aljihu tare da goro.

Bayan 'yan kwanaki, a ofis, na buɗe katin don abokin aikina Sani ya ga aiki. Shi Sani ba ya karatu a zuci. Komai sai ya furta, a hankali, kamar mai sanarwa a rediyo. Ya bi sunaye, ya bi wuri da lokaci, ya iso kan addu'ar da ke tsakiya, wadda na yi wa ado da furanni.

"Allah ya ƙare ango da amarya da zuri'arsu baki ɗaya. Amin... A'a! Malam Kontirol, mi yaran ga sunka yi maka?"

Wuri na biyun ke nan. Rahina ta roƙi Allah ya kare su, ni kuma na sa hannu na lanƙwasa addu'ar ta koma tsinuwa, na kewaye ta da furanni, na aika wa mutumin da dama neman dalili yake.

Na kira Bello, ba sabis. Na kira Sufyanu, ba sabis. Na hau kan tankin ruwa na ɗaga waya sama kamar mai neman wata, shiru. Ban ko biya gida ba, don ban shirya ganin idon Salamatu ba. Na nufi tasha na shiga motar Gummi, na matse tsakanin buhun gero da wani mai kaji.

A hanya na bi duk dabarun da na sani ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ke zaro kati daga aljihun jama'a. Da muka iso Ɗaki Takwas na hango allon wani mai shayi an rubuta sunan garin ba lanƙwasa. Ina cikin wannan tashin hankali, wallahi sai da abin ya sosa mini rai.

Na tarar da Alhaji Sambo a zaure bisa buzu, Bello a gefensa yana shan fura kamar ɗan gida. Ga ragowar katuna a kife kusa da buta, 'yan kaɗan. An raba sauran.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, hanya, ruwa. Alhaji ya ce, "Mun ga kati."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na zame daga tabarma na durƙusa, na fara bayani. Na zana k a ƙasa da yatsa, na zana ƙ kusa da ita. Na yi bayanin kontirol, na yi bayanin H. Na maimaita mugunyar addu'ar da bakina don ya gane girman abin, har sau biyu.

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. "To, Malam Isiyaku. Kai kac ce Allah shi ƙare man ɗa?"

"Ba ni ba, Alhaji. Na'ura ta."

"Na'urar wa?"

"Tawa."

"Wa ad danna?"

Nan fura ta sarƙe Bello. Da ya gama tari ya miƙo mini kati guda, hawaye na zuba. "Injiniya, duba da kanka. Mai bugawa ya ce filashinka cike yake da wasu 'yan akwatuna cikin kalmomi, kwamfutarsa ba ta san su ba. Ya ce ƙila cuta ta. Shi ya goge su duka ya sa haruffan mutane."

Na duba. Allah ya kare ango da amarya da zuri'arsu baki daya. Daga sama har ƙasa, duk lanƙwasar da na sha wahala a kanta an miƙe ta.

Alhaji ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce, "Ashe addu'a mai kyau ta hito. Wadda ba ta da kyau, kai ka biyo mota tun daga Anka ka kawo muna ita da bakinka." Ya gyara zama. "Aure na nan yadda anka sa shi. Amma ranar, liman za shi yi addu'a. Kai amin kawai za ka ce."

Na ce na gode, na ƙara cewa na gode.

Bello ya raka ni tasha, yana tsayawa yana dafa bango saboda dariya. Ni kuwa hankalina ya dawo, na sake duban katin, sai raina ya ɓaci. "Dubi nan," na ce. "Kauna. Daurin aure. Yanzu Alhaji ya karanta wannan ai sai shi ɗauka ba mu yi makaranta ba."

A nan Bello ya zauna a bakin hanya gaba ɗaya.

Alhaji Sambo ajami kaɗai yake karantawa.